Shuɗiyar Lambar da Aka Ɗauke Mini

Ku gyara zama, 'ya'yana da jikokina, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ya faru.

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki, a bene hawa na biyu, ɗana babba ya sayo mini jawwal, wato wayar hannu, irin ta shafawa. Ni ban yi makaranta ba. Ba na karanta Larabci balle boko, abin sallata ma da ka na riƙe shi. Amma yatsa yana da tasa haddar, kuma a hankali nawa ya san hanyarsa a kan gilashin nan.

Ina da ƙane guda da ya rage mini a duniya, a wani ƙauye bayan Damagaram. Yana yaro na baro shi, lokacin da muka taho hajji da maigidana, Allah ya jiƙansa, ba mu koma ba. Ƙanen nan ba shi da waya. Ranar kasuwarsu, ɗansa da ke birni yakan turo mini saƙo da lambar duk wanda zai shiga ƙauyen a ranar. Lambar takan fito shuɗiya a tsakiyar baƙin rubutu. Ni shuɗin kawai nake nema. In na ɗora yatsa a kai sai ta kira, a miƙa wa ƙanena, in ji muryarsa da kukan awaki a bayansa.

Wata rana bakin cajin ya lalace. A hawan da ke ƙasanmu akwai wani mutumin Nijar, mai ladabi, yana gyaran waya a shagon wani Balarabe a unguwar Aziziyya. Balaraben ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa, iƙamarsa, takardar izinin zama, a hannunsa take. Na ba shi wayar, ya gyara ya dawo mini da ita, ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce, “Haba Inna, ai uwa ce ke.”

Da kasuwa ta zagayo, saƙo ya shigo, na ga shuɗina, na taɓa. Ba ta kira ba. Wani akwati ne ya fito da layukan rubutu. Na taɓa na sama, allo ya cika da baƙaƙe. Na koma na taɓa na ƙasa, saƙon ya ɓace mini gaba ɗaya. Ɗana yana can unguwar Abhur yana tuƙa iyalin da yake wa aiki, gidan ba kowa. Na yi ta dangwale har aka kira magariba. Na san ƙanena yana zaune a bakin rumfar wani yana jira, yana cewa yayata ta manta da ni.

Sai zuciyata ta fara aiki. Na juya wayar, ga tabon da ta yi ranar da ta faɗa kan murhu, jikin nawa ne. Na ɗaga ta a tafin hannu, na ji kamar ta rage nauyi. Ku yi dariya in kun so, har sansanarta na yi.

Washegari aminiyata ta zo, wadda take yi wa amare lalle. Wayarta irin tawa ce sak, a shago ɗaya aka sayo su. Ita ma ba ta karatu, kuma da taɓa shuɗin take kiran masu neman lalle. Muka gwada tata. Yatsa ɗaya, ta kira.

Ta ajiye shayinta ta ce, “Ke, an kwashe miki kayan ciki. Ya bar miki ɓawon, ya sa tsofaffi. Shi ya sa ya ƙi karɓar kuɗi. Kin taɓa ganin mai gyara ya ƙi kuɗi?”

Ban taɓa gani ba.

Ranar Juma'a ɗana ya dawo, na faɗa masa. Shi kuwa tun yana yaro ba a faɗa masa abu sau biyu. Ya leƙa matakala ya kira mutumin. Ya hawo da silifas ɗinsa, ya durƙusa ya gaishe ni.

Ɗana ya ce, “Me ka cire a wayar Ummi?”

“Wallahi ban cire komai ba, Yaya. Bakin caji na sauya. Da na kunna ta sai ta nemi tahdis, wato sabon gyaran da kamfani ke turowa ta intanet, na danna mata. Taimako na ɗauka na yi.”

“To taimakon ne ya cinye kiran?”

Mutumin ya juyo wurina ya ce, “Inna, abin da na ji a shago ke nan. Wani kamfanin waya ne ya kai kamfanin da ya ƙera taki ƙara kotu, can ƙasar Turawa. Ya ce shi ya fara ƙirƙiro wannan dabarar, a taɓa lamba a cikin saƙo ta kira, kuma ya yi mata rajista, duk mai so sai ya biya shi lasisi. Ba su daidaita ba, sai naki ya sauya tasa don kada a hana shi sayar da wayoyinsa.”

Na ce, “Tsaya. Taɓa abu da yatsa ma akwai mai shi?”

“A wurinsu akwai, Inna.”

“Alƙalin ya san ni?”

“Bai san ki ba.”

“An kira ni shaida?”

“Ba a kira ki ba.”

“To ta ina hukuncinsa ya hawo benen nan ya shiga jakata?”

Ɗana ya yi dariyar da ba ta da daɗi. “Khalas, ya Ummi, bar shi. Gobe zan je wurin mai shagon, ya maimaita masa labarin kotun.”

Na ga mutumin ya dafa bango. Ya ce, “Yaya, iƙamata ta kusa ƙarewa, shi zai sabunta mini. In ya ji kalmar sata ba zai tambayi ba'asi ba. Iyalina watan haihuwa ya kama.”

Kada ku ce tausayi ne ya sa na yarda da shi, don ban yarda ba. Labarinsa ya fi satar ban tsoro. Amma na daɗe a duniya ina jin ƙarya, kuma mai sata gajeriya yake kawowa, ya ce da ma haka take. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki kayan tsohuwa ya tsaya gina kotu da alƙali da kamfanoni biyu ba. Na ce wa ɗana ba inda za shi sai na gani da idona.

Na tambayi mutumin, “In gaskiya ka faɗa, wayar aminiyata me ya hana ta sauyawa?”

Ya ce ita gidanta ba intanet, saƙon kamfanin bai same ta ba. In aka haɗa ta da na gidanmu, ita ma za ta nema.

Aka aika aka kira aminiyata. Da ta ji, ta gyara mayafi ta ce, “A haɗa. Amma shi ya zauna can bakin ƙofa, hannuwansa a kan gwiwa.”

Mutumin ya ce, “Hajiya, ki yi tunani. In ya shiga ba ya fita. Da ita kike sana'a.”

Ta dube ni. “Kin ji ko? Ya fara neman hanyar gudu. Yalla, a haɗa.”

Bayan la'asar ne, hasken taga yana kan darduma. Ɗana ya haɗa ta da intanet ɗin gidan a gabanmu, ya mayar mata. Ta riƙe ta da hannu biyu kamar za a ƙwace. Na matso har kafaɗarmu ta haɗu. Can sai wani rubutu ya fito. Mutumin daga bakin ƙofa ya ce na dama ne amincewa. Da yatsanta mai jan lalle ta danna, ba wani ya danna mata ba.

Wayar ta yi baƙi. Wani ɗan layi ya fito yana rarrafe. Aminiyata ta ce ta ɗau zafi, na taɓa na ji. Ni idona rabi a kan wayar, rabi a kan hannuwan mutumin, kuma ba su bar gwiwarsa ba.

Da ta dawo, aminiyata ta buɗe saƙon wata uwar amarya, ta taɓa shuɗin. Akwatin nan ya fito, da layukansa, irin nawa.

Ta sake taɓawa. Ta goge gilashin da bakin mayafi ta sake. Sannan ta ɗago ta dubi mutumin ta ce, “To mayar mini.”

Ya ce, “Na faɗa miki, Hajiya.”

Ta juyo kaina. “Ke kika jawo mini.”

Ɗana ya kalli ƙasa ya ce, “Samihni, ɗan'uwa, ka yafe mini.” Mutumin ya ce ba komai, ya tashi ya nuna mana layin da za mu riƙa taɓawa a akwatin, daga nesa, bai taɓa wayar kowa ba. Ya sauka.

Na sha zama ina tuna yammacin nan. Zargina bai yi ƙarya ba, an shiga wayata an ɗauke abu. Na dai tsaya a kan maƙwabcin da nake iya gani ne. Waɗanda suka yi aikin ba su san akwai wata tsohuwa a Hindawiyya ba, kuma daga baya ɗana ya karanta mini cewa tun ranar da aka kunna wayar an danna amincewa da hakan a madadina. Wai ƙarfen ne nawa, abin da ke cikinsa aro aka ba ni. Ni kuwa a saninmu, mai aro yakan yi sallama kafin ya karɓi kayansa.

Mutumin Nijar ya samu iƙamarsa, matarsa ta haifi mace, na je suna. Ya ci gaba da gaishe ni da ladabi har suka tashi daga unguwar, amma ko fitilar gidanmu ce ta mutu sai ya ce ba fanninsa ba ne. Ɗana har yanzu yana tuƙi a Abhur, ya ɗan rage saurin baki, ba duka ba. Aminiyata ta daina zuwa shayi na wani lokaci, sannan ta dawo da kanta, kuma haushi ya sa ta koyi lambobi da tsufanta, yanzu ita ke karanta mini. Ƙanena na ba shi labarin duka, ya ce shi bai gane ba, in dai ina lafiya shi ke nan. Ya rasu bayan damina biyu, Allah ya yi masa rahama.

Kamfanonin kuwa, na ji an ce sun sasanta a tsakaninsu, sun sha hannu. Ba wanda ya hawo benen ya sanar da ni. Wayar da nake riƙe da ita yanzu ta daina ma tambaya, sai dai in tashi da safe in tarar an sauya wa abubuwa wuri. Shi ya sa in za mu yi maganar gida, nakan sa a kai ta kicin a rufe ƙofa.