Uwaisu Ba Ya Cikin Lissafi

Uwaisu ɗana ne na fari. Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda aka saba a wajenmu. Yaron nan nake ce masa. A Jibiya aka haife shi, lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi, kafin in tafi jami'a a Zariya in dawo likita a shingen duba shanu na kan iyaka.

Tun yana yaro ƙaƙƙarfa ne. Yakan saɓi maraƙi a kafaɗa ya tsallake rafi da shi, kuma ba na tuna ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi. Amma zuciyarsa ba ta wajen dabbobi. Duk abin da ke da noti sai ya kwance. Ya taɓa kwance rediyona, ya mayar, ya rage noti biyu a hannunsa, ya shaida wa mahaifiyarsa Salmatu cewa dama Turawa ne suka sa su don ado.

Shekarar ƙarin albashin Udoji, da kowa ya sami kuɗi yana neman rediyo da kaset, wani kamfani mai harhaɗa su a Kano ya zo ɗibar samari. Likitansu ya auna ƙirji, ya duba ido da jini, ya sallami masu tari da ramammu. Uwaisu na cikin 'yan kaɗan da suka tsallake, kuma ya yi alfahari da haka. Aikinsa wanke ƙananan allunan cikin rediyo a wani ruwa mai ƙamshi, a ɗakin da ba a buɗe taga saboda na'urar sanyi. Da ya zo Sallah yana tsokanar ƙaninsa Ɗanladi, wai shi a cikin firji yake aiki, su kuwa suna nan rana tana gasa su. Ya kawo ruwan a kwalba, ya goge maiƙon hularsa da shi a gabanmu.

A shekararsa ta uku ya fara haɓo. Dasashinsa na zubar da jini, jikinsa na yin tabo baƙi ba tare da ya bugu ba. A asibitin Zariya aka ce sankarar jini ce. Muka yi abin da kowane gida zai yi: ba a barin ɗa ya yi jinya a hannun baƙi. Kamfani ya sallame shi cikin mutunci, muka kawo shi gida. Ya rasu da hantsi a ɗakin mahaifiyarsa, aka kai shi kafin azahar.

Malam Lawal, jami'in ma'aikata na kamfanin, ya zo ta'aziyya har gida. Ya ce al'adarsu ce su ba ƙanin mamaci gurbinsa. Na tambaye shi game da ruwan. Ya amsa a natse cewa likitansu ya gwada mace-macen ma'aikatansu da na mutanen gari, ya tarar nasu sun fi ƙanƙanta nesa, kuma ba ma'aikaci ko ɗaya da sankara ta kashe. Magana ce irin wadda na saba yarda da ita, kuma na yarda. Ɗanladi ya ci gwajin likita. Salmatu ta haɗa masa akwati.

Ranar tafiyarsa da safe ina shinge, ana shigo da wani garke daga Nijar, sai ga Arzika direba, mai jigila tsakanin Kano da Maraɗi. Tsohon abokina ne, ya daɗe yana Agadas, bai sami yi mini gaisuwa ba. Ya durƙusa ya yi addu'a, sannan ya tambayi ciwon. Na faɗa masa.

"Haɓo da tabo? Likita, irin na ɗan Barira ke nan na Farfaru. Ni na kawo shi kwance bayan mota. Shi ma na rediyon ne."

Ya ce akwai wani na Mazanya, akwai kuma wanda ya tsallaka da shi garin Ɗan Isa, iyayensa suka tarbe shi da amalanke. Duk daga ɗakin sanyin nan. Duk sun rasu a gida. Yana ba ni labarin kamar yana zancen lalacewar hanya, don bai taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Ba wanda ya taɓa. Kowane gida ya ɗauka nasa ne kaɗai, ya ce kwana ya ƙare.

Na tsaya ina kallon shanun. Shekara da shekaru ina rubuta cewa garken da ya iso shinge lafiyayye ne, kuma na san dalili: masu rauni ba a fitowa da su, waɗanda suka kasa a hanya an yanka ko an sayar. Na bar shingen, na nufi tasha.

A tasha na tarar da motar kamfani ta zo ɗibar sababbi, akwatin Ɗanladi har an ɗaure a sama. Na ja Malam Lawal gefe, na tambaye shi ko ɗana na cikin lissafin da ya gaya mini. Ya dube ni da mamaki na gaskiya.

"Ranka ya daɗe, ai lokacin da ya rasu ba ma'aikacinmu ba ne."

Ba ƙarya ya yi mini ba, kuma wannan ne ya fi razana ni. Na tambaye shi ɗan Barira. Shi ma an sallame shi kafin ya rasu.

Har yau ba zan iya rantsewa cewa ruwan ne ba. Ban auna shi ba, kuma ba wanda ya auna gawa. Abin da na sani shi ne lissafin da na dogara da shi bai ƙunshi ko ɗaya daga cikin waɗanda ya kamata a ƙidaya ba.

Na sa aka kwance akwatin. Ɗanladi ya tsaya a gaban abokansa, idonsa ya yi ja, ya ce, "Baba, na fa ci gwajin."

Na ce, "Uwaisu ma ya ci."

Ya ɗago kai da sauri, don bai taɓa jin sunan a bakina ba. Ya ɗauki akwatin da kansa, ya bi bayana.