Yatsan Kakata

Jiya maƙwabciyata tana suyar gyaɗa, ƙamshin ya tsallako katanga. Sai ga ni a tsakar gidanmu na Gure, ina 'yar shekara bakwai, ina kallon yatsan kakata.

Kafin a haifi ƙanena, inna ta binne 'ya'ya biyu, duk a bakin yaye. Shi ya sa da ya zo, tsoro ya hana ta sakat. Nono da koko tsararo, shi ke nan abincinsa. Har ya kai wata tara bai yi nauyi ba, ni kaina na fara fargabar zai bi yayyensa.

Kaka kuwa ba ta iya gani ta ƙyale ba. Da hantsi, in inna ta tafi rijiya, sai ta ɗora shi a cinya, ta dangwali abu guda ta shafa masa a harshe. Yau tunkuzar gyaɗa da ta dama da ruwa, bayan kwana uku dabinon kwarinmu, sannan kindirmon da ake kawowa daga Kelle. Har ƙwai, da ake cewa yana koya wa yaro sata! Tana yi tana magana da cikinsa: "Ga gyaɗa, 'yar gida ce. Ka gane ta."

Ranar da inna ta kama su, kuka ta fashe da shi.

"Iya, kada wannan ma ya tafi."

Kaka ta ce, "Karen da bai san mutanen gida ba, kowa yake yi wa haushi. Bari ya san su tun yanzu."

Ba da ka take yi ba, ku sani. Bayan kowane ɗanɗano sai ta duba fatarsa. Busasshen kifi ya fito masa da ƙuraje, ta ce wannan ba su shirya ba, ba ta sake ba shi ba. Yaro ya murje. Yau ƙato ne, ba abin da ke tsira a gabansa sai kifi.

Bana 'yata ta kira ni daga Damagaram. Ita ma tsoro ya sa ba ta ba jaririnta komai sai madarar gwangwani. Wai likita ya ce garkuwar jiki a hanji take koyon bambanta abinci da cuta, in jariri ya cika wata shida a riƙa ɗanɗana masa kaɗan-kaɗan. Ni take ba labari! Na yi dariya har da hawaye.

Da suka zo, na ɗora jikana a cinya, na dangwali tunkuza. Sai na ga yatsana ya yamutse sak irin na kaka.

Na ce, "Ga gyaɗa," na shafa masa a harshe.