Yadda Na Ɗaura wa Karafan Batir a Hanyar Shu'aiba

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai kai matafiyi ya kuma komo da shi.

A shekarar da aka rushe Karantina, mu da muke zaune a can muka watsu cikin Jidda, ni na sami ɗaki a Nuzla kusa da wani bawan Allah, Abakar, Bahaushen Sudan, direban gidan wani Balarabe da ake kira Abu Faisal. Wannan Abu Faisal yana da karafan, wato ɗaki mai taya da ake ja da mota, da gado da firji da fanka a ciki. Ya umarci Abakar ya kai shi bakin teku a Shu'aiba, iyalinsa za su iske shi ran Juma'a. Iƙamar Abakar, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, saura kwana goma sha biyu ta ƙare, kuma kafilinsa, wato shi Abu Faisal da ya tsaya masa, ya riga ya ce masa in ya ƙara ɓata wani abu, ba zai sabunta ba. Ni kuwa an gayyace ni ne in ga teku, in riƙe tocila.

Waziriyya

Mun bar Nuzla ran Alhamis ƙarfe huɗu da rabi, muka yi sallar asuba a Waziriyya inda ake ajiye karafan. Tun jiya mun cire tsohon batirin ɗakin da ya mutu, kuma kafin a cire na rubuta da ajami a jikin kwali: ja a dama, baƙi a hagu. Abakar ya sayo sabo riyal ɗari uku da tamanin.

Ya ce, "Malam, bari in sayo mana ful da tamis. Kada ka taɓa komai."

Na ce to, ya tafi neman waken da gurasar. Amma da na zauna ni da batir, sai na ga ai aiki ne na minti biyu. Ga rubutuna, ga kuma abin da muka sani tun muna yara, cewa duk abin kirki da dama ake fara shi. Na yi bisimilla, na ɗaura jar waya a dama. Da na kai baƙar hagu sai na ji fat! Wuta ta yi tsalle ta lashe mini gefen gemu, wani ƙauri ya taso. Ban san cewa batir iri biyu ne ba, wani kansa mai alamar tarawa yana dama, wani yana hagu. Na ɗaure da sifana, na rufe akwatin, na koma gefe ina jan carbi.

Abakar ya dawo ya ga an gama, ya ce, "Kai, Malam, ashe kai ma usta ne, gwanin gyara!" Ya danna makunnin fitila, shiru. Ya shaƙi iska.

"Me ke ƙauri?"

Na ce, "Wataƙila tamis ɗin ne ya ƙone."

Allah ya gafarta mini. Muka kama hanya ƙarfe shida da minti goma.

Khumra

Tafiyar kilomita ashirin ta kai mu Khumra. Muka tsaya a gidan mai, Abakar ya sayi ƙwan fitila biyu riyal ashirin da biyar, ya sa, babu haske. Ya buɗe firji, ko motsi ba ya yi. Ya kunna fankar rufi don mu sami iska, sai ta shiga zuƙe iskar ɗakin tana fitarwa waje. Ledar tamis ta tashi daga tebur ta manne a jikinta tana karkarwa.

Abakar ya dafe kai. "Batirin jabu na sayo, Malam. Halas, shi ke nan, na kashe kaina. In mutumin nan ya ga haka, sai dai in tattara in koma, ga yara huɗu a makaranta."

Nan ya kamata in yi magana. Maimakon haka sai na ce irin waɗannan ɗakuna da ke daɗewa babu kowa ba a rasa masu shiga. Na buɗe kabad ɗin tukwane na yi addu'a a ciki, na tofa wa firji, na tofa wa fanka. Abakar yana bayana yana amin da iyakar gaskiyarsa. Muka sayi ƙanƙara buhu uku, riyal sha biyar, muka cusa a firji, muka wuce ƙarfe bakwai da kwata.

Shingen hanya

Kafin mararrabar Shu'aiba akwai shingen bincike. Wani askari mai ƙiba ya karɓi iƙamarmu da takardun mota, ya zagaya karafan, ya nuna rumfar da ke naɗe a gefensa.

Ya ce da Larabci, "Rumfarku ta ɗan saki. Naɗe ta sosai, yalla."

Abakar ya shiga ya danna maɓallin naɗewa. Rumfa ta yi ƙara, ta fara buɗewa a hankali, ta miƙe, ta miƙe, har ta yi wa askari inuwa daga kai zuwa takalmi. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya dube mu.

"Ma sha Allah. Saura gahawa da dabino."

Abakar ya rikice ya danna na buɗewa, sai ta koma ta naɗe. Askari ya kira abokin aikinsa, ya sa aka maimaita sau biyu suna dariya. Daga nan ya ce ba zai bar mu mu ci gaba da ɗakin da ke yin akasin abin da aka ce masa ba, mu koma Jidda wurin mai gyaran lantarki. Muka juya ƙarfe takwas da rabi, muna jin ƙamshin teku ba mu gan shi ba.

Sina'iyya

Ƙarfe goma muka isa unguwar makanikai, wurin Usta Yahya. Shi ma ɗan Karantina ne, kakanninsa alhazai ne daga Katsina, yana jin Hausa sarai amma in zai yi ta sai ya haɗa da Larabci rabi da rabi. Abakar ya fara jero masa fitila da fanka da rumfa. Yahya bai ko shiga ɗakin ba. Ya buɗe akwatin batir, ya leƙa, ya ja da baya.

"La haula! Min ya ɗaura haza? Ma'akus! Juye yake, ya jama'a!"

Abakar ya juyo ya dube ni. Ya dubi gefen gemuna da ya ƙone. Ni kuma na dubi wata tsohuwar taya da ke ƙasa kamar ban taɓa ganin taya ba.

Abakar ya ce, "Ni ne, usta. Duhu ne."

Ga yadda Yahya ya bi aikin, na rubuta don wani ya amfana. Ya kashe komai na ɗakin, ya cire wayoyin, ya juya batir, ya nuna mini alamar tarawa ya ce nan ja yake zama ko tana dama ko tana hagu ko tana Sin. Ya duba babban fis na kusa da batir, lafiya lau. Ya buɗe cajar da ke ƙarƙashin kujera, ya zaro fis biyu da suka yi baƙi, ya ce waɗannan an yi su ne don su mutu a madadin sauran, Allah ya ji ƙansu. Ya sa sababbi. Sannan ya bi ƙananan fis ɗin da mita ɗaya bayan ɗaya, yana kunna abu guda, ya saurara, ya sansana, kafin ya wuce na gaba. Fitila ta kama. Fanka ta tuba. Famfon ruwa ya yi tari ya kawo ruwa.

Firji ne ya ƙi. Yahya ya ciro wani ɗan allo kore daga bayansa, ya nuna mana inda ya ƙone, ya ce sai an kawo wani daga Riyad, ba zai iso ba kafin Lahadi. Ya karɓi riyal sittin na aikinsa, ya ba mu shayi.

Muka ci shinkafa bukhari da rabin kaza, riyal sha takwas. Har cinyar Abakar ya tura gabana, ita ce kuwa ta fi tsaya mini a wuya.

Shu'aiba

Bayan la'asar muka sake kama hanya. Askarin nan yana nan, ya ɗaga mana hannu yana nuna rumfa. Muka isa bakin teku dab da magariba, muka kwana cikin karafan, fanka tana hura iska ta inda Allah ya nufe ta.

Ran Juma'a ƙarfe uku Abu Faisal ya iso da mota biyu, da iyali, da naman rago guda a cikin kula. Kai tsaye ya nufi firji. Ya buɗe, ruwan ƙanƙara ya zubo masa a ƙafa.

"Ya Abakar! Esh haza?"

Abakar ya sunkuyar da kai ya fara cewa kuskure ya yi wurin ɗaura batir. Abu Faisal ya ce ai ya gaya masa, wannan ne na ƙarshe, ran Lahadi ya kawo masa makullan mota.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Larabcina na littafi ne, irin wanda ba a sayen tumatir da shi a kasuwa. Na ce, "Ya kai shugaba mai daraja, haƙiƙa wannan bawa kuɓutacce ne daga zunubin firji. Ni ne na aikata, da hannayena waɗannan, alhali yana can yana sayen wake."

Matan da ke cikin mota suka fara ƙyalƙyatawa. Na ɗauko kwalin na miƙa masa a matsayin hujja. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce haruffan nasu ne amma bai gane ko kalma ɗaya ba, wannan laya ce? Na fassara masa, na kuma bayyana masa dalilina na fara da dama.

Sai ya zauna a matakalar karafan yana dariya har yana share hawaye da gefen gutra, mayafin kansa.

"Ya shaikh, batir ba ya alwala!"

Ya juya ga Abakar. "Kai kuma me ya sa ka ce kai ne?"

"Ya girme ni, ya ammi. Kuma shi ke ja mana salla."

Abu Faisal ya ce direban da zai ɗauki laifin limami ya fi ƙarfin a kore shi a kan firji, ya kawo iƙamarsa ran Lahadi a sabunta. Ni kuwa hukuncina, tun da nama ba zai kwana ba, sai an gasa shi duka yau, kuma ni ne mai fifita. Na fifita rago guda daga la'asar har magariba, hayaƙi ya ƙarasa abin da wuta ta rage na gemu.

Komowa

Asabar da hantsi muka baro Shu'aiba, muka sauke karafan a Waziriyya, muka iso Nuzla ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin. A ƙofar gida na riƙe hannun Abakar na ce ya yafe mini kwana ɗaya da rabi da na bar shi ɗauke da kayana.

Ya ce, "Na yafe, Malam, duniya da lahira. Amma ko tocila ce ta mutu a ɗakinka, ka buga mini bango in zo."

Na gode wa Usta Yahya, na gode wa Abu Faisal, na gode wa Allah da ya kai mu ya komo da mu lafiya. Abakar yana nan a bakin aikinsa. Alhamdu lillahi.