Matar da Ta Cire wa Royce Tackett Wuta

Kiɗan ya ɗauke ɗif a tsakiyar baiti na biyu. Royce Tackett ya tsaya a gaban mutum ɗari uku baki buɗe, makirfo a hannu, gumi yana bin wuyan rigarsa mai ƙyalƙyali. Gidan rediyon garinmu yana watsa taron kai tsaye. A benci na uku kuwa ga wani mai furfura daga kamfanin waƙoƙin bishara na Nashville, wanda ya yi tuƙin awa huɗu don ya ji ko da sauran murya a maƙogwaron mutumin nan. Idan babu, Royce ya gama yawo.

"Ɗan'uwa Virgil, na'urar!" in ji Royce ta gefen baki.

Fasto Virgil, mai kula da na'urar kiɗan, ya danna nan, ya danna can, har da ɗan mari. Shiru.

Sai piyano ya ɗauka daga lungu, a hankali, kamar da ma haka aka shirya.

To bari in gaya muku wadda ke zaune a lungun, tunda shi Royce har yau bai ga damar faɗa ba.

Mis Ozella Pruitt ce. Shekara hamsin da ɗaya tana kan kujerar piyanon cocinmu. Ƙarfe bakwai na safe za ka ji tarin tsohuwar motarta. Ta buɗe ƙofa, ta tsoma yatsunta a ruwan ɗumi saboda ciwon gaɓoɓi, ta bi waƙoƙin mako ɗaya bayan ɗaya. Ɗaurin aure ita, jana'iza ita. Amma babbar wahalarta ita ce Lahadi ta biyar. Duk watan da ya zo da Lahadi biyar, coci-cocin kwarinmu kan haɗu, a ci soyayyiyar kaza da burodin masara a gindin itatuwa, sannan a shiga a yi ta waƙa har yamma. Kowa yana da ikon tashi. Ba gwaji, ba takarda. Mutum zai ce, "Ku sa ni a addu'a, zan gwada," ya ɓarke daga duk inda muryarsa ta faɗo. Aikin mai piyano ne ta bi shi ta kamo shi.

Ta kamo su kuwa. Ku tambayi Lorene Hensley, wadda kuka ya shaƙe ta a jana'izar mijinta, Mis Ozella ta yi ta zagaya amshi sau huɗu har numfashinta ya dawo, ba wanda ya gane. Ku tambayi 'yan gidan Scoggins huɗun nan da ke yawo a doguwar mota da sunansu a jiki, wa ya raba musu muryoyi tun suna cizon juna a benci? Na duba bayan fayafayansu duka bakwai. Sun gode wa direba, sun gode wa mai ɗinka musu kwat. Ita ko harafi!

Royce ma nata ne. Yana ɗan shekara tara ta koya masa inda ake jan numfashi. Yana sha tara ya saɓi jita sai Nashville, ya koma waƙoƙin kantiri, na manyan motoci da giya da matan da suka tafi. Waƙoƙinsa biyu suka yi tashe. Daga nan kwalba ta karɓi ragamar, aure uku suka mutu, ya dawo yi wa 'yan kallon tseren aladu waƙa a bikin amfanin gona. Yana sittin da ɗaya ya tuba, ya juyo ga waƙar bishara, yadda dukkansu suke yi idan gwiwa ta fara ciwo.

Ran nan ma Lahadi ta biyar ce; kafin a shiga, ya same ta a teburin abinci.

"Mis Ozella, yau ki huta. Na zo da kiɗana, ƙwararru ne suka buga shi."

"Yaushe suka buga shi, Royce?"

"Lokacin da nake tashe."

"Lokacin da kake da gashi ke nan. Ɗana, muryar ta bi gashin. Bari in buga maka, in sauke maka shi mataki biyu."

"Haba, Mis Ozella! Ni za a sauke wa? A gaban mutumin Nashville?"

Ta dube shi ta saman tabarau. "To. Ci kazarka."

Ni a bayan piyano nake zama tare da masu kaurin murya, saboda haka na ga abin da ɗari ukun nan ba su gani ba. Tun baitin farko jijiyoyin wuyan Royce suka tashi. Waƙar kuwa a ƙarshenta akwai wani dogon hawa, wanda ko yana saurayi sai ya ɗaga diddige. Mis Ozella ta karkata kai tana saurare. Sai na ga baƙin takalminta ya zame a hankali ƙarƙashin labule, ya maƙale igiyar wutar na'urar, ya fizge ta daga bango.

Tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu, a cikin coci, ido biyu!

Ta ɗora yatsu. Ba ta faɗa cikin waƙar kai tsaye ba. Ta ɗan yi yawo da kiɗan, tana saukowa sannu a hankali kamar mai riƙe da hannun makaho a matakala, har ta ajiye shi daidai inda muryar tsoho take. Ta gyaɗa masa kai. Royce ya shiga. Da ya zo hawan nan ya haye shi ya zauna a kai, har mata suka miƙe suna ɗaga hankici. Mutumin Nashville ya cire tabarau yana share ido.

Kun san abin da Royce ya ce da aka lafa? Ya gode wa Ubangiji, ya gode wa marigayiya mahaifiyarsa, ya gode wa gidan rediyo. Sannan ya buga ƙirji: "Kun dai ji da kunnenku, muryar nan ba ta sauka ko taku ɗaya ba!"

Na sunkuya na ce, "Mis Ozella, in ba ki faɗa ba, ni zan faɗa."

"Za ka rufe mini baki, ka miƙo littafin can. In ya sani, gobe ba zai iya buɗe baki ba."

Wata uku na haƙura. Yau na faɗa, kuma ba na fargaba, don Royce ba ya karanta komai sai sunansa a jikin allo.

Mis Ozella, ke ce kunnen kwarin nan. Ke ce kika san inda muryar kowa ta tsaya, kika kuma rufa masa asiri a daidai wurin. Kin ba ni haushi da shirunki, sun ba ni haushi da mantuwarsu, amma mun gode. Ku kuma masu tasowa da ke rige-rigen makirfo, wani a cikinku ya koma lungu ya koyi saurare, don kujerar nan ba a gadonta da ƙyalƙyali.

Da a nan zan tsaya. Amma Lahadin da ta wuce, ranar da Mis Ozella ta ajiye aiki, mun gama yanka kek ta rufe murfin piyano ke nan, sai ga motar ɗaukar kaya ta yi kwana a kan ciyawar coci. Wani dogo mai hular kaboyi ya diro riƙe da igiya.

"Ina fasto? Daga Nashville nake. Kwana uku Royce Tackett yana ɗakin ɗaukar waƙa ya kasa hawan nan, maigidan kamfani ya ce zuwa Laraba ko a yi ko a fasa. Royce kuma ya rantse sirrin yana jikin piyanon cocin nan. Aronsa na zo."

Mis Ozella ta ajiye farantin kek, ta ɗauki jakarta da maganin gaɓoɓinta.

"Piyanon ya ce maka?"

"Royce ne ya ce, Mama."

"To ɗaure shi da kyau. Akwai wurin zama a gaba?"