Mai Usur Ya Bar Bakin Ruwa

Makaniken babura ne, amma Mai Usur kowa ke ce masa. Kullum da sassafe, kafin ya buɗe gareji, yana bakin kwamin ninkaya da usur a wuya, yana horar da samari tseren gajeren zango. Shi ma ya yi iyo a ƙuruciya, bai taɓa cin kofi ba, kuma har gobe sanyin ruwa yake ɗora wa laifi.

Cikin samarin har da autansa, ɗan shekara sha biyar, mai dogon hannu da faffaɗan tafin ƙafa. Bana sa'o'in yaron suka fara barin sa a baya, ga gasar tantancewa ta matso. Wanda bai shiga ukun farko ba, sai baɗi.

Uban ya bi shi kamar injin da ya ƙi tashi. Ya gyara masa tsallen farawa, ya ƙara masa atisayen bugun ƙafa, ya hana shi kwana da waya. A banza. A tseren da ake so ka tsoma kai, kada ka shaƙi iska sai dole, yaron juyo da fuska yake yi kusan duk jan hannu. Kowace juyowa sai ƙugu ya nutse, gudu ya ragu.

Mai Usur kan bi gefen kwamin a guje, daidai kafaɗarsa, yana ihu: "Kai ƙasa! Kai ƙasa, na ce!"

"Malam, ka faɗa ruwan mana kai ma," in ji matarsa ranar da ta zo kallo. "Ai ka fi yaron haki."

Da yamma a gareji, auta na miƙa masa sifana, uban ya ce, "Wai huhun ne babu, ko ragwanci ne?"

"Baba, ba iska nake nema ba." Ya sunkuyar da kai. "Fuskarka nake dubawa, in ga ko ina yin daidai."

Mai Usur ya daɗe yana murɗa notin da tuni ya ɗauru. Ya sha gaya wa mutane don yaron yake wannan gudun. Rabin gaskiya ke nan. So yake duk wanda ya ga ɗan yana tsaga ruwa ya ga uban a gefe, ya san inda abin ya samo asali.

Washegari ya koma bayan dakalin farawa, inda mai iyo ba ya hango shi. Ƙafafunsa na ƙaiƙayi, ya dake. Ranar gasa kuwa ko zauren bai shiga ba. Ya zauna a benci gaban ɗakin canza kaya, yana jin ihun 'yan kallo ta bango, hannuwa a matse tsakanin gwiwoyi.

Matarsa ta fito tana gyara mayafi. "Na uku. An ɗauke shi."

"Sau nawa ya ɗago kai?"

"Ni na sani? Ɗana nake kallo, ba lissafi na je yi ba. Ka taso ka gan shi."

"Bar shi ya fito da kansa," in ji shi. "Ina nan."