Jibirilu da Dutsen Kan Silinda

A gidanmu na haya da ke unguwar Maamobi akwai wani mutum da ake kira Jibirilu Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa injiniyan, kuma duk wanda ya kira shi Jibirilu zalla sai ya yi kunnen ƙashi. Ɗakina yana kallon nasu, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

A nan unguwar aka haife shi. Mahaifinsa ɗan dako ne daga Bawku, mutumin kirki, ya yi ta kai shi koyon sana'a yana dawowa. An kai shi wurin mai gyaran firij a unguwar Kokomlemle, ya ce maigidan bai san komai ba. An kai shi wurin mai walda, ya ce hasken yana ɓata masa ido. Ya yi yaron mota a trotro, wato bas ɗin haya, ya ce kiran fasinja ba ajinsa ba ne. Abin da ya tsira da shi daga duk wannan yawo shi ne sukudireba guda mai jan kai, wadda yake sokewa a aljihun gaba. Da ita yake zaman benci a bakin titi, yana koya wa marasa aikin yi irinsa yadda ake gyaran jirgin sama. Gyaransa kuwa mun san shi. Idan fanka ta tsaya ya mare ta, idan famfo yana ɗiga ya ɗaure da leda.

Matarsa Fusena ce ke riƙe da gidan, kuma da hannayenta biyu take riƙe da shi. Cincin take yi, wanda a nan muke kira achomo. Ban taɓa ganin mai murza ƙullu da yanka shi kamarta ba. Idan Disamba ta kama, lokacin Buronya, wato bikin Kirsimeti, matan Kokomlemle da New Town sukan yi mata layi da bokitai. A wannan wata take samun abin da za su ci har tsakiyar shekara, shi da bakinsa a ciki.

A Disambar bara ne silindar gas ɗinta ta fara huci. Regileta, kan nan da ake ɗaura wa silinda, ta tsufa, robar cikinta ta cinye. Fusena ta ce masa zai yi kyau a sayo sabuwa wurin Mashud mai gas. Jibirilu ya ce Mashud ɓarawo ne, ya fita bakin kwata ya tsinto dutse, ya ɗora a kan regiletar. Hucin ya ragu. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya yana jiran tafi.

Gaskiya ba shi ya ƙirƙiro abin ba, gidaje da yawa a unguwarmu da maƙwabciyarta Nima za ka ga dutse zaune a kan silinda. Amma sauran mutane suna yi ne suna jin kunya. Shi ya mayar da abin ilimi. Yana da bayani a kan nauyin dutse da faɗinsa, da wanda ya dace da babbar silinda da wanda ya dace da ƙarama. Ni raina shi kawai nake yi, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Warin gas bai daina ba. Na ce wa Fusena dutse murya kawai yake kashewa, iskar tana nan tana fita, ta je ta sayo da kanta. Ta je ta sayo. Mashud har ya ja mata kunne kada ta kunna wuta kusa da tsohuwar. Da Jibirilu ya dawo ya ga sabuwar regileta sai ya hau faɗa, wai an tozarta shi a gaban 'yan haya.

"A gidan injiniya kin je wurin Mashud?" in ji shi. "Wannan tawa ba ta ɓaci ba koraa, ko kaɗan. Dutse ne bai zauna daidai ba."

Ya cire sabuwar ya mayar wa mai ita, ya ɗaura tsohuwar, ya ƙara mata dutse mafi girma. Fusena ta koma kan ƙullunta, domin bokitan mutane suna jiranta, ba ta da lokacin rigima.

Ana jibi Buronya, bayan azahar, ta shiga barandar da take suya, wadda Jibirilu ya rufe mata da katako ta ko'ina, babu ko taga. Gas ya riga ya taru a ƙasa. Tana ƙyasta ashana wuta ta tashi. Kaskon mai yana gefe, ga labule, ga ɗakunanmu a jere da rufi ɗaya. Jibirilu yana kwance a ciki, shi ya fara fita, har ya ture ta a ƙofa. Fusena ce ta koma, ta janye kaskon, ta sa hannu cikin wutar ta ture dutsen ta kashe gas ɗin. Mu mata muka jiƙa barguna muka danne sauran. Motar kashe gobara ta zo, amma a bakin titi ta tsaya, lungunmu ba ya shigar mota.

Na riƙe hannayenta a ƙarƙashin famfo. Sai ga Injiniya ya dawo da man goge baki, wai a shafa mata. Na ce idan ya matso zan fasa masa kai. Muka sa ta a tasi zuwa asibiti.

Gidan ya tsira. Hannun hagunta ya warke da tabo, amma yatsun dama sun ƙanƙance, ba sa lanƙwasuwa. Ba ta ƙara murza ƙullu ba. Matan Kokomlemle suka zo dubiya sau ɗaya, suka koma wurin wata. Yanzu ruwan leda take sayarwa a ƙofar gida. Shi kuwa a benci yana ba da labarin yadda ya jagoranci kashe wutar, kuma a cewarsa laifin Fusena ne, ita ta gusar da dutsen garin shara.

Satin da ya wuce, Disamba ta sake kamawa, silindata ta yi ɗan huci. Na fitar da ita tsakar gida, na aika a kira Mashud. Kafin ya iso sai ga Jibirilu da dutse a hannu.

"Mma Fatimata, ki bar kuɗinki, yanzu zan gyara miki."

Kafin in buɗe baki Fusena ta taso daga kan kujerarta.

"Maigida, ba ni nan," in ji ta.

Ta miƙa hannun dama ta karɓa. Yatsun suka kasa riƙewa, dutsen ya faɗi a tsakaninsu. Kowa a tsakar gida yana kallon hannun. Jibirilu ya sunkuya ya ɗauki dutsensa, ya auna shi a tafin hannu.

"Kin gani ko?" in ji shi. "Yana da nauyi sosai paa. Irinsa ake nema."