Laouali Ba-zan da Gasasshen Katako

Haihuwa da Koyon Sana'a

An haifi Malam Laouali Maulud a shekarar 1961 a garin Maraɗi. Mahaifinsa Maulud mai kilishi ne, mahaifiyarsa Aïchatou kuwa mai ƙuli-ƙuli. Bayan ya sauke Alƙur'ani a 1975 ya ƙi gadon sana'ar gidansu ƙememe, ya shiga aikin kafinta.

Aure da Zuwa Riyad

Ya auri Sahadatou a 1986. A 1994 ya sauka Riyad da iƙamar kafinta, wato takardar izinin zama da aiki, ya zauna a unguwar Dira, ya yi shekaru yana ƙera ƙofofi da wani katako mai tauri da Larabawa ke kira zan.

Aikin Dir'iyya

A 2019 kamfanin kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya sami aikin dandamalin wani masauki a Dir'iyya kusa da Riyad, aka kawo zan ɗin da aka gasa da zafin da ya kai digiri ɗari biyu har ya yi duhu. Irin wannan katako ba ya kumbura da ruwa sosai, ba ya lanƙwashewa a rana, ba ya saurin ruɓewa. Amma ɗan mai kilishi ya san abin da wuta ta busar: ba ya lalacewa, sai dai da an matsa masa ya karye.

Shugaban aikin, saboda gaggawa, ya umarci a buga shi da bindigar ƙusa. Laouali ya ce ba zai buga ba, sai an huda kowane falanki tukuna, an ɗaure shi da ƙusa mai murɗi marar tsatsa. Aka yi masa barazanar soke iƙama, wadda ita ce abincin iyalinsa. Ya maimaita «ba zan» sau uku cikin Hausa, shugaban, da yake ba Bahaushe ba ne, ya zaci cewa yake katakon ba zan ba ne, Hausawan wurin suka tuntsure da dariya, sunan Ba-zan ya bi shi har kabari.

Aka ba shi kusurwar bayan dandamalin don a wulaƙanta shi. Kafin wata biyu falankan gaba da aka buga da bindiga sun tsattsage a bakin ƙusa, nasa ko ɗaya bai motsa ba. Aka dawo ana lallashinsa ya sake aikin duka, ya sake shi a tsanake, bai ƙara sauri ko na rana guda ba.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Talata, 5 ga Maris 2024. An yi masa sutura a Riyad, cikin kabari marar suna kamar yadda al'adar ƙasar take. Dandamalin yana nan, ba tsaga ko ɗaya. Ya bar matarsa Sahadatou da 'ya'ya uku: Aïchatou, Rahina, da Rabilu wanda ya gaji injin hujinsa. Allah Ya jiƙansa.